Gansakukar Anti Mabel a Hannun Malamin Gona

Yusha'u Ɗanlami mutumin Kura ne, kuma duk wanda ya zauna da shi na rabin sa'a sai ya san haka, don ba ya buɗe baki bai sako zancen gona ba. A Kadawa ya tashi, yana bin mahaifinsa lambun tumatir tun bai isa riƙe fartanya ba. Da ya gama karatu aka ɗauke shi aikin malamin gona, ya shekara shida a kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana koya wa manoman rani yadda ake ban ruwa. Mutum ne mai son aikinsa, sai dai bakinsa da kaifi. In ya tarar manomi ya saki ruwa ya kwanta a fangali, ranar daga bakin hanya ake jiyo muryarsa. "Shuka kake yi ko kiwon kifi?" Haka yake tambayar dattijo a gaban 'ya'yansa.

A ƙarshen shekarar 2019 ya samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a a Kuala Lumpur, fanninsa kuwa sarrafa ruwan noman rani. Ya taho da matarsa Hureira, suka kama ɗaki da falo a hawa na tara na wani tsohon bene a Brickfields, unguwar Indiyawa, inda ƙamshin turare da na suyar albasa ke shigowa ta taga tun da sassafe. Ba su san kowa ba. A satinsu na biyu suna cikin lif suna gardama a kan farashin barkono, sai wata mata mai furfura a goshi ta juyo ta ce, "Kai, yau na ji Hausa a gidan nan. Sannunku da zuwa, 'yan gida."

Ita ce Anti Mabel, 'yar Kagoro ta kudancin Kaduna. Shekararta goma sha huɗu a ƙasar, tana koyar da aikin jinya a wata kwaleji mai zaman kanta. Mijinta Charles ya rasu a can shekaru shida baya, 'yarsu ɗaya tana aure a Abuja, ita kuma ta ci gaba da zama ita kaɗai, ƙofarta na kallon ta su Yusha'u. Ita ta nuna musu inda ake samun kuɓewa da manja, ita ta koya wa Hureira shiga jirgin ƙasa. Da Hureira ta yi ɓari a tsakiyar kullen korona na farko, Yusha'u ya tsaya a falo ya rasa lambar da zai kira, Anti Mabel ce ta sa ta a mota, ta yi wa 'yan sanda bayani a shingen hanya, ta zauna da ita har aka sallame su. Tun daga nan Hureira ba ta dafa abu ba ta zuba nata ba.

Wani abu ɗaya ne na Anti Mabel da Yusha'u ya kasa ganewa. A kan wani katako kusa da tagar falonta, inda rana ba ta bugawa, ta jera ƙananan kasake shida da kwalba guda mai murfi, kuma ba fure ba ne a ciki, ba kayan miya ba. Gansakuka ce, irin koren abin nan da ke fitowa a jikin katanga da gindin randa da damina. Wata kamar ƙaramin kafet, wata kamar gashin jariri, wata da ƙananan tsinkaye a tsaye. Shekara da shekaru tana ɓanɓaro su daga jikin duwatsu da tsoffin gine-gine. "Yarana" take kiransu. Ta ce suna tuna mata duwatsun garinsu a watan Agusta.

Ran da ya fara gani dariya ya yi.

"Anti, abin da muke kankarewa a gida, ke kika sa a kasko?"

"Malamin gona ke nan," ta ce. "Kai in ba a ci abu ba, ai ba shuka ba ne."

A watan Yulin 2021 cutar ta dawo da ƙarfi. An sake rufe gari, titin da ke gaban benensu, wanda a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hon ɗin motoci, ya koma sai jiniyar motar asibiti. Saura kwana goma Babbar Sallah, da hantsi, wayar Yusha'u ta yi ƙara. Da ƙyar ya gane muryar.

"Malamin gona, sakamako ya fito. Na kamu. Motar asibiti tana hanya. Kar Hureira ta fito, ka ji?"

"Inna lillahi! Anti, me za mu yi miki?"

"Na fitar da yarana bakin ƙofa a kan tire. Ka shigar da su wurinka. Kar ka bari su bushe, shi ke nan. Akwai wata..." Tari ya sarƙe ta. Ya jira, tarin bai tsaya ba.

"Anti, ki bar magana. Shuka ce fa. In ban iya komai ba a duniya, na iya wannan."

Ta leƙen ƙofa suka ga an fita da ita a kujera mai taya, mutum biyu cikin fararen kaya har ka. Bayan awa biyu ya sa takunkumi da safar hannu ya ɗauko tiren. Ban da kasake da kwalbar, akwai wata gorar feshi marar rubutu, ruwa rabi a ciki. Ya ɗauka maganin wanke hannu ne da marar lafiya ta yi ta taɓawa, ya ƙulle ta a leda ya jefa a shara. Ya goge kasaken, ya jera su, suna kore shar, har ya tsaya ya ɗauke su hoto ta ko'ina don ya ga sun yi kyau. Daga nan ya duba falonsu ya ga babu haske, ya ce shuka sai da rana, ya kai su baranda inda ranar yamma ke sauka sosai.

Washegari bayan sallar asuba ya cika buta da ruwan famfo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ya sake. Bai ɗaga kasko ko ɗaya ya duba ƙasansa ba, bare ya ga cewa babu mai huda. Bai tambayi kowa ba, bai buɗe waya ya bincika ba. Mutumin da ke rubuta kundi a kan ban ruwa, me zai tambaya a kan gansakuka?

A kwana na uku wata abokiyar aikin Anti Mabel ta kira Hureira ta ce an sa wa Anti iskar taimakon numfashi. A na biyar aka ce an mayar da ita sashen masu tsanani. Ba a zuwa dubiya, ba a kai abinci, ba abin da mutum zai yi sai ya zauna ya kalli bango. Yusha'u ba ya iya zama. Duk sanda labari ya zo, sai ya tsinci kansa a baranda da buta a hannu. Ban ruwa biyu ya koma uku, wata rana huɗu. In ya ga ruwan ya taso ya rufe koren, sai ya ji kamar ya yi mata wani abu.

Cikin mako guda launin ya fara sauyawa. Koren ya koma ɗorawa-ɗorawa, gefe-gefe kuma ya yi ruwan ƙasa. Ya duba ya ce zafin rana ne ke busar da su, ya ƙara ruwa. Kwalbar kuwa ya danne murfinta da kyau don kar danshi ya fita, cikinta ya yi gumi har ba a ganin komai.

Hureira ce ta fara magana, tana shanya.

"Malam, barandar nan wari take. Kamar an jiƙa gero an manta."

"Kwatar ƙasa ce."

"Kwata a hawa na tara? Ka duba ƙananan ƙudajen nan. Da can babu su."

"Hureira, ki bar min abin da na sani."

Ta bar masa. Ranar Sallah suka yi idi su biyu a falo, babu layya, babu baƙo. Bayan azahar saƙo ya shigo daga lambar Anti Mabel, na farko tun tafiyarta: "Barka da Sallah. Da sauƙi kaɗan. Yaya yarana?"

Ya fita baranda da waya zai ɗauki hoto, a nan ne ya kalle su da idon wanda zai nuna wa mai su. Kasko biyu sun yi baƙi, sun yi laushi kamar dafaffen alayyafo. A kan uku wata farar fumfuna ta shimfiɗu kamar auduga. Ƙaramin kasko shuɗi, wanda ya fi kowanne ƙanƙanta, ruwa ne kwance a cikinsa da kumfa a sama. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya shiga cikin hotunan ranar farko ya zaɓi ɗaya ya tura, ya rubuta: "Suna gaishe ki."

Amsa ta zo bayan minti kaɗan: "Na san hannun da na bar su."

Ya kife wayar a kan kujera. A ransa ya ce marar lafiya ce, bai kamata a tayar mata da hankali ba, kuma kafin ta fito zai gyara. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, ya tura wani hoton na ranar farko. Ta sake, ya tura na uku. Daga na ukun ba ta ƙara tambaya ba, shi kuma har ya ji sanyi a ransa, sannan ya ji kunyar jin sanyin.

Dabarar da ta zo masa ita ce ya zubar da su duka, ya wanke kasaken, ya yi odar sabuwar gansakuka ta waya, don ya ga ana tallarta. Ya gaya wa Hureira yana kallon gefe.

Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "Malam, ka ji tsoron Allah. Matar da ke kallon abu kullum safiya shekara da shekaru, ita za ka canza wa ta kasa ganewa? Wace ce ta zauna da ni a asibiti?"

"To in ce mata me? In ce ni da nake koya wa mutane ban ruwa na kashe mata gansakuka?"

"Au, ashe ba don ciwonta ba ne. Don kanka ne."

Washegari da safe, tana wanka, ya kwashi kasaken a tire ya sauka ɗakin shara da ke hawan ƙasa.

A can ya tarar da Anti Saroja, wata tsohuwa Ba'indiya ta hawa na biyu, wadda ke da rumfar sayar da furanni da shuke-shuke a bakin titi kafin kulle ya rufe ta. Gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta zo zubar da shara, takunkumi biyu a fuskarta. Da ta ga tiren sai ta tsaya, ta yi masa magana da Turancinta mai gauraye da Malay.

"Wannan kasaken Mabel ne. Ni na sayar mata da uku a ciki. Ta mutu ne?"

"A'a, a'a, tana asibiti. Tana samun sauƙi."

"To ina za ka kai su?"

Ta nuna masa ƙasa da yatsa. "Ajiye a nan. Koma baya." Ya ajiye ya ja da baya, ta matso ta durƙusa da ƙyar, ta ɗan ja takunkumi ta shinshina, ta mayar.

"Sau nawa kake ba su ruwa?"

"Sau biyu. Wani lokaci uku."

"A wata?"

"A rana."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Da me?"

"Da buta."

"Aiyo!" Ta dafe kai. "Ina gorar feshinta? Ruwan sama take tarawa a ciki, ba ta ba su na famfo, maganin da ke cikinsa yana ƙona su."

Sai a lokacin ya gane abin da ya ƙulle a leda, da abin da Anti Mabel ke ƙoƙarin faɗa tari ya hana ta.

Tsohuwar ta sa babban yatsa ta danna tsakiyar wani kasko, ruwa ya taso ya zagaye yatsan. "Ka gani? In ka danna ruwa ya fito, ya yi yawa. Wannan abin ba shi da saiwa irin ta shuka. Ta jikinsa yake sha, kamar soso. Danshi yake so, ba wanka ba. Kuma kasaken ba su da huda, duk abin da ka zuba yana nan a ƙasa yana ruɓewa."

"Na ga sun yi ja ne, na ɗauka bushewa suke."

"Ai a nan kowa ke faɗawa. Wadda ta bushe tana yin ƙarau, launinta ya yi fari-fari, in ka fesa mata ruwa kafin ka sha shayi ta farfaɗo. Wadda ruwa ya ci tana yin laushi, ta yi baƙi, ta yi wari. Hancinka ba ya aiki ne? Ko kai ma ka kamu?"

Hancinsa yana aiki. Warin nan ya san shi tun yana yaro, warin fangalin da ruwa ya kwana uku a kai. Sati guda yana shaƙarsa yana cewa kwata ce.

"A ina ka ajiye su?"

"A baranda."

"Rana tana bugawa?"

"Da yamma."

"Ruwa a ƙasa, rana a sama, murfi a rufe. Dafa su ka yi, yaro." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Wane aiki kake yi?"

"Ɗalibi ne ni."

"Me kake karantawa?"

Bakinsa ya buɗe kafin ya yi tunani. "Harkar kasuwanci."

"Shi ya sa," ta ce. "Ba laifinka ba ne, ba fanninka ba ne."

Da za a tsaga ƙasa a lokacin da ya shige.

Ta ware kasaken gida biyu da ƙafa. Biyu da suka yi baƙi da ƙaramin shuɗin ta ce sun tafi, amma ya gwada shuɗin ko da rabo. Sauran huɗun, har da kwalbar, ta ce akwai rai a ciki in ya yi sauri. Ta jero masa abin da zai yi, ta sa ya maimaita mata kamar ɗan aji ɗaya. Ta hau ta ajiye masa leda a bakin ƙofarta, tsakuwa da gawayi da 'yar ƙasa da tsohuwar gorar feshi.

Da ya koma sama Hureira ta ga tiren ya dawo da kayansa, ta ɗauko tsoffin jaridu ta shimfiɗa a tsakar falo. Suka wuni a kai. Ya karkata kowane kasko ya tsiyaye ruwan, wani baƙi-baƙi mai ɗoyi. Ya sa cokali ya ɗago gansakukar a hankali kamar mai ɗaga waina, ya kwantar a kan jarida ta tsotse. In jarida ta jiƙe su canza wata. Hureira ta ɗauko hantsakinta da ƙaramin almakashi, tana tsince fumfuna, shi yana yanke duk inda ya yi baƙi har sai ya kai ga kore. Wata da ta kai tafin hannu ta koma kamar kwabo. Suka wanke kasaken da ruwan zafi, suka zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya samu inda zai sauka, gawayi a kai saboda wari, sannan ƙasa 'yar kaɗan. Ya mayar da kowace a wurinta ya danna da yatsa. Kwalbar ya bar ta a buɗe. Suka share kan teburin karatunsa da ke gefen taga inda haske ke shiga ba rana, ya kwashe littattafan ban ruwansa ya tara a ƙasa, ya jera su a nan, ya kunna fanka a hankali daga nesa.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne umarnin ƙarshe: kwana huɗu kar ya ba su ko ɗigo. Ya ɗaura bokiti a ƙarfen baranda ya tari ruwan sama, ya cika gora, ya ajiye. Sau goma a rana yake zuwa ya tsaya a kansu, hannu a baya. A kwana na biyar ya taɓa ya ji sama ya fara bushewa, ya fesa sau biyu daga nesa, ya tsaya. Ƙudajen suka ragu, warin ya tafi. A kwana na tara Hureira ta kira shi ta nuna masa wasu ƙananan ɗigo-ɗigo kore masu haske a gefen wadda ke cikin kwalba. Shuɗin kaskon kuwa bai motsa ba. Ya bushe ya zama kamar ƙullin gashi, ko an fesa ba ya sauyawa.

An sallami Anti Mabel bayan kwana ashirin da uku. Hureira ta ce ya bari ta kwana biyu ta huta, ya bari. A rana ta uku ya ɗauki tiren ya tsallaka. Ta buɗe ƙofar katako ta bar ta ƙarfe a rufe, ta zauna a kujera daga ciki don ba ta iya doguwar tsayuwa. Ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ya durƙusa ya ajiye tiren inda za ta gani, bai tashi ba.

"Anti, sannu da jiki. Na zo ne in gaya miki abin da na yi."

Ya faɗa duka, buta da rana da gorar da ya jefar, da ɗakin shara, da sabuwar da ya so ya saya. Da ya zo kan hotunan muryarsa ta yi ƙasa har sai da ta ce ya ɗaga.

"Na sani," ta ce. "A hoto na uku na gane. Akwai wani ɗan busasshen ganye da ya faɗa kan ta cikin farin kasko ran da zan tafi. Sati biyu yana wuri ɗaya, bai ko juya ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ka san abin da na ɗauka? Shekara talatin ina aikin jinya, Yusha'u. Na san wa ake yi wa irin wannan ƙaryar. Wanda aka cire rai da shi ake ce wa komai lafiya. Na ce to, likita ya gaya musu abin da bai gaya min ba. Kwana biyu ina rubuta wa 'yata inda takarduna suke."

Bai taɓa jin ta kira shi da sunansa ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙarfen ƙofar.

"Anti, ki yafe min."

Ba ta amsa wannan ba. Idonta na kan tiren. "Ta cikin shuɗin fa?"

"Ba ta tashi ba. Na yi duk abin da aka ce."

Daga ƙasa ana jiyo ƙarar jirgin ƙasa yana shiga tasha babu kowa a ciki.

"A gefen kabarin Charles na ɗebo ta, a maƙabartar Cheras, lokacin da ya cika shekara ɗaya da rasuwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don kar a ce na haukace." Ta goge ido da gefen zani. "Miƙo min ita ta nan. Sauran ka mayar wurinka, hannuna rawa yake, ba zan iya da su yanzu ba. Sau ɗaya a kwana uku, in ka taɓa ka ji sun nema."

Ya zura kaskon ta tsakanin ƙarafa, ta karɓa da hannu biyu, ta rufe ƙofa.

Wata biyu suka yi a teburinsa, bai kashe ko ɗaya ba. Wata safiya kuma ya sauka hawa na biyu ya mayar wa Anti Saroja gorarta, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mata ainihin abin da yake karantawa. Ta yi dariya har ta riƙe bango, ta kira mijinta daga ciki ya zo ya ga mutumin. Yusha'u ya tsaya har suka gama.

A watan Oktoba, da aka sassauta doka, Anti Mabel ta aiko Hureira ta kwaso mata kasakenta. A makon ta ɗauki tasi ita kaɗai zuwa Cheras da shuɗin kaskon a jaka. Ta tarar an kankare kaburburan layin duka an wanke su tas, babu ko ɗigon kore. Ta dawo da kaskonta haka. Ta gaya wa Hureira, Hureira kuma ta gaya masa suna cin abinci, ya tsame hannu bai ƙara ba.

Gaisuwa ba ta yanke tsakaninsu ba. In sun haɗu a lif tana tambayarsa karatu, yana tambayarta jiki. Abincin Hureira ya ci gaba da tsallakawa, kwanon yana dawowa da ayaba ko biskit a ciki. Sau biyu ya yi niyyar sake neman gafara, sau biyu ta sako wani zancen kafin ya fara.

Ya kammala karatu a watan Afrilun 2022, suka tattara. Anti Mabel ta raka su har tashar KL Sentral, tana tafiya a hankali, tana hutawa a kowane benci. Ta rungume Hureira suka yi kuka. Shi kuma ta ba shi wani ƙunshi ta ce na 'yarta ne, ya kai Abuja hannu da hannu, kar ya ba direba. Ya kai da kansa kwana uku da saukarsu, kafin ma ya je Kura gaida mahaifinsa.

Yanzu suna zaune a Kano, yana koyarwa a wata kwalejin aikin gona. Ran Kirsimeti da ran Sallah ana waya da Kuala Lumpur. Hureira ce ke kira, su yi ta hira har kati ya kusa ƙarewa, sai a ƙarshe ta miƙa masa. Yakan tashi tsaye kafin ya karɓa, ya gaishe ta, ya tambayi jikinta da aiki, ta tambayi mutanen gida, ya mayar wa Hureira wayar.